BABI NA UKU: SHUGABANNIN ƘUNGIYOYIN KIƊA A ƘASAR ƘAURA NAMODA DA SHINKAFI DA ZURMI

A wannan babi za a yi ƙoƙarin duba makaɗan da suka shugabanci ƙungiyoyin kiɗa a wannan yanki, da yadda shugabancin yake faɗawa hannun mutum. Abin da za a fi mayar da hankali a kai shi ne dalilin da ya sa wata ƙungiya take ɗorewa bayan shugabanta ya kau, wata kuwa sai ta bi shi kabari.

Kafin a shiga tarihin mutane, ya kamata a san aikin shugaba. A ƙungiyar makaɗan fada, shugaba shi ne jagora, wato shi yake ƙulla waƙa, ya kafa gindinta, ya riƙa kawo ɗiya. 'Yan amshi su ne masu kaɗa kotso ko taushi, suna karɓi, wani lokaci kuma su yi masa ƙari a kan abin da ya faro. Akwai kuma sanƙira mai fayyace wa jama'a maganar da aka yi da kyautar da aka bayar. Amma aikin shugaba bai tsaya a bakin waƙa ba. Shi yake neman ubangida, shi yake raba abin da aka samu, tun daga kuɗi da riguna har zuwa doki, kuma rashin adalci a wajen rabo ya isa ya watsa ƙungiya ko da muryar shugabanta ta fi ta kowa.

Ibrahim Narambaɗa shi ne fitaccen misali. An haife shi a Tubali, cikin ƙasar Isa ta wancan lokaci, mahaifiyarsa kuwa mutuniyar Badarawa ce, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Shinkafi. Ta wajen uwa kotso ya zo masa, ba ta wajen uba ba, kuma da kiɗan noma ya fara kafin ya koma kiɗan fada. Ubangidansa shi ne Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya yi sarauta daga 1935 zuwa 1975. Duk da haka ya yi wa manyan Shinkafi da Zurmi da Ƙaura waƙoƙi, har da alƙalai. Wannan ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da masu kuɗi, kasuwar Shinkafi kuma tana tara fatake har daga ƙasar Nijar. Inda dukiya ta taru, nan makaɗi yake kai ƙungiyarsa.

Wanda ya saurari faya-fayan Narambaɗa da kyau zai ji yadda shi da yaransa suke miƙa wa juna magana ba tare da wani ya taka wani ba. A ganina wannan horon shi ne babban aikinsa na shugaba, kodayake masu nazari sun fi ɗaukaka azancinsa da Bakandamiyarsa. Sai dai da ya rasu a farkon shekarun 1960, ba a sami wanda ya riƙe ƙungiyar da irin ƙarfinsa ba. Gidajen rediyo, musamman na Kaduna, su suka riƙe sunansa.

Idan aka leƙa Maradun, wadda take maƙwabciyar wannan yanki, sai a ga wani tsari daban. Gidan Usman Ɗankwanda ya miƙa shugabanci ga Abdu Kurna, Musa Ɗanƙwairo yana Daudun Kiɗi, wato magaji mai jiran gado, har ya kafa tasa ƙungiya. Da Ɗanƙwairo ya rasu a 1991 sai 'ya'yansa suka ci gaba. Naɗa Daudu tun shugaba yana raye shi ne ya bambanta gidajen biyu.

Sa'idu Faru (1932 zuwa 1987) ya gaji kotso daga mahaifinsa, mahaifiyarsa kuma daga Banga take, a ƙasar Ƙaura Namoda. Ya yi wa Sarkin Kiyawan Ƙaura Abubakar da Sarkin Zamfaran Zurmi Sulaimanu waƙa kafin ya zauna da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Kassu Zurmi kuwa bai jingina da fada ba; da kalangu ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗi, ƙungiyarsa tana ci daga hannun talakawa.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon hakimai da abin hannunsu, sai shugabannin kiɗa suka juya ga attajirai da 'yan siyasa. Ta'addancin 'yan bindiga ya ƙara ƙuntata su, domin a 2021 gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, har da ta Shinkafi, na wani lokaci. Yaron da zai zama Daudu a kan hanya yake koyo, daga biki zuwa kasuwa zuwa hawan salla, yana bayan shugabansa da kotso a rataye, kuma hanyoyin Zurmi da Shinkafi suna cikin waɗanda tafiya a kansu ta fi yin wuya a waɗannan shekaru.