Jijiyar Bayan Gwiwa

Ranar da na fara tsayawa a kan aikin tiyatar jijiya, malaminmu bai ba ni wuƙa ba. Hannuna ya kama ya ɗora a ƙafar wani saurayi da ya faɗi a kan babur, gwiwarsa ta goce. Ƙafar ta yi sanyi ƙalau, faratan sun yi fari fat. Tambaya ɗaya ya yi wa 'yan rakiya: "Da ƙarfe nawa abin ya faru?"

Jijiyar da ke kai jini ƙauri ɗaure take sama da ƙasa a bayan gwiwa, don haka idan ƙashi ya goce ba ta da wurin kaucewa. Ƙananan rassan da ke kewayenta kuma ba sa isa su ciyar da ƙafa.

Magabatanmu a sana'ar nan a fagen fama suka koyi wannan. A Yaƙin Duniya na Biyu galibi ɗaure jijiyar ake yi, jini ya tsaya. DeBakey da Simeone sun tattara raunuka 2,471 a 1946, suka ga cewa cikin waɗanda aka ɗaure wa ta bayan gwiwa, wajen 73 cikin ɗari sun rasa ƙafa. Alhali tun 1912 Alexis Carrel ya karɓi kyautar Nobel kan ɗinkin jijiya! Sai a yaƙin Koriya irin su Carl Hughes da Frank Spencer suka duƙufa ɗinki da dashe, yankan ƙafa ya sauko zuwa kusan ɗaya cikin uku.

Sai kuma ganin raunin. A 1953 Seldinger ɗan Suwidin ya fito da dabarar zura siririn bututu a jijiya, a tura rini, a ɗauki hoto. An yi zamanin da duk gwiwar da ta goce sai an yi mata wannan, saboda ɓawon cikin jijiya kan yage alhali bugun jini na nan, daga baya gudan jini ya toshe ta. Yau awon jinin idon sawu muke gwadawa da na hannu. In rabon na idon sawun da na hannun ya gaza 0.9, sai hoton siti sikan. Ƙafar da ta riga ta yi sanyi kuwa ba ma ɓata mata lokaci a ɗakin hoto, domin bayan awa shida tsoka ta fara mutuwa.

Saurayin nan cikin awa huɗu aka kawo shi. Muka ciro jijiya daga ɗaya ƙafar, muka juya kanta ƙasa, muka dasa, muka tsaga fatar ƙaurin don kada kumburi ya shaƙe tsokar. Da malam ya ɗora na'urar Dofla a idon sawunsa, duk ɗakin ya yi tsit, har muka ji jinin yana wucewa.