Girkin Idi a Zangon Baƙi: Daga Tarabulus Zuwa Fagge

Fagge tun asali masaukin baƙi ce. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, nan ayarin Buzaye ke durƙusar da raƙuma a bayan ganuwa, su kwance gishirin Bilma, su jira dillalai su fito daga birni. Larabawan Gadamas da na Tarabulus kuwa cikin birni suka tare, wajen Dandalin Turawa, kuma har yau Kanawa na danganta gurasa da alkaki da zuwansu. Ke nan wani kaso na abin da uwargida ke murzawa da toyawa in biki ko Sallah ta matso, ta hamada ya biyo.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne su wa ke riƙe da ɗaya bakin igiyar. A ƙarni na 19, da yawa daga masu zuba jari a ayarin Tarabulus Yahudawa ne, irin gidan Arbib da gidan Nahum. Su ke ba da yadin Manchesta bashi, ayari ya kawo shi Kano, ya koma da jemammiyar fata da gashin jimina da hauren giwa. A 1911 abubuwa biyu suka haɗu suka karya wannan hanya: Italiya ta kama Tarabulus, layin dogo kuma ya iso Kano. Wanda ya san daɗin kasuwar Kano sai ya biyo ruwa zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa. Turawan mulki ba su bar sababbin baƙi su tare cikin birni ba. Suka yanka Sabon Gari a 1913 don mutanen kudu, suka ware wa Kwarori da Larabawa fili a gefen Fagge, inda Kantin Kwari yake yanzu.

Cikin waɗanda suka zo a shekarun farko bayan isowar jirgi akwai Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus. Ya shiga harkar gyaɗa, kafin ƙarshen shekarun 1930 ya zama ɗaya daga manyan masu fitar da ita ƙasashen waje, yana ja da kamfanin UAC wanda Alhaji Alhassan Ɗantata ke saya wa. Wannan ja-in-ja ta yi wa manomi rana, don in masu saye sun haɗa baki, shi ke kwana ciki.

Yahudawa ba su taɓa yin yawa a Kano ba, kuma ibadar jam'i a wajensu ba ta tsayuwa sai da maza 10. Don haka a gari irin wannan, nauyin addini kan madafa yake komawa. Ba a haɗa nama da madara a tukunya ɗaya. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar ba a hura wuta, dole a gama girki tun da sauran rana. A Tarabulus abincin daren Juma'a sananne ne: kifi a jar miya mai yaji da suke kira haraimi, da mafrum, wato dankalin Turawa da aka tsaga aka cusa masa niƙaƙƙen nama aka soya sannan aka dafa cikin miya, a ci da kuskus, ɗan'uwan dashishinmu. Mako biyu kafin babban idinsu kuma akan dama basisa, garin soyayyar alkama da sha'ir da kayan ƙanshi, maigida na tsiyaya mai yana juyawa da mabuɗin gida. Musulmin Libiya ma suna shan basisa, in ban da batun mabuɗin.

Shi wannan idi, wanda Kiristocin Sabon Gari suka sani da Idin Ƙetarewa, tunawa ne da daren da Annabi Musa ya fitar da Bani Isra'ila daga Masar. Da can a Haikalin Ƙudus ake yankan layyarsa. Da Rumawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70, sai malamansu suka mayar da ibadar cikin gida: a share duk wani abu mai yisti, a ci busasshiyar gurasa da ganye mai ɗaci, ƙaramin yaro ya yi tambayoyi, babba ya ba da labarin. A ruwayar Attaura, a wancan dare na annoba an umarci kowane gida ya rufe ƙofa kada a fita sai da safe. Amma al'adar da ta biyo baya ta juya abin, ta zama ta gayyatar dangi da baƙo da mai jin yunwa.

Zaman Yahudawa a Libiya ya ƙare cikin ƙanƙanin lokaci. Bayan tarzomar Tarabulus ta 1945, sama da 30,000 suka tafi Isra'ila tsakanin 1949 da 1951, kusan duk ragowar aka kwashe su zuwa Italiya a 1967. Zuri'arsu yanzu a Rum da Tel Abib suke cin haraimi da mafrum.

Annoba kuwa ba baƙuwa ba ce a Fagge. Marisuwar 1918 ta jirgin ruwa ta sauka Ikko a watan Satumba, ta biyo layin dogon da ke kwasar gyaɗa. Korona ta 2020 ita ce ta faɗo kan idi uku a jere. Daren Ƙetarewa ya kama 8 ga Afrilu, gwamnatin Isra'ila ta hana fita, kakanni suka ci nasu su kaɗai. Wasu malamai 'yan asalin Maroko suka halatta a haɗa iyali ta Zoom muddin an kunna na'ura kafin shigar idi, manyan malaman ƙasar suka ce atafau. A Kano an tabbatar da mutum na farko mai korona ranar 11 ga Afrilu, washegari aka yi Ista, ranar 16 Gwamna Ganduje ya rufe gari, ranar 24 aka tashi da azumi, ranar 27 Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu.

A ganina azumin nan ya fi yi wa Fagge ciwo, don unguwa ce ta masu nema kullum, kuma buɗa-bakinta na ƙofar gida ne: kunu da ƙosai a tabarma, duk wanda ya gifta a ce masa bisimilla. Da aka sassauta, ranakun Litinin da Alhamis kaɗai aka bari, daga ƙarfe 10 zuwa 4, a je 'Yankaba ko 'Yan Lemo a yi cefane. Kantin Kwari na kulle a lokacin da ya kamata a ce ana rububin kayan Sallah. Ga mace-macen da suka cika maƙabartu, waɗanda daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce sun kai 979, rabi ko fiye suna da alaƙa da cutar. Ranar 24 ga Mayu gwamnatin jiha ta bari aka yi idi, amma Sarki Aminu Ado Bayero, da bai cika wata uku a gadon sarauta ba, ya yi Sallarsa ta farko ba tare da hawa ba.