Zoben Shekara a Kututturen Gawo: Wane Ruwa Yake Nunawa?

Itace yana ƙara tsawo ta toho da bakin saiwa, amma kaurinsa daga kambiyom yake zuwa, wato siririn shimfiɗin ƙwayoyin halitta da ke tsakanin ɓawo da katako. Abin da kambiyom ya haifa ta ciki shi ne katakon da ke kai ruwa ga ganye, na waje kuma yana sauko da abinci. Idan ya dakata sannan ya sake tashi, iyaka takan fito a katakon, ita ce zobe.

An daɗe ana cewa itatuwan ƙasashen zafi ba su da zoben shekara, tunda ba sa ganin sanyin Turai. Wannan magana ta faɗi tuni. Wani mai bincike, Mariaux, ya riƙa yanka 'yar taga a ɓawo a ranar da aka sani, daga baya a ƙirga zoben da ya biyo bayan tabon. A 1995 wani mai binciken, Worbes, ya nuna cewa fari na wata 2 zuwa 3, da ruwan da bai kai milimita 60 a wata ba, ya isa ya tsayar da kambiyom. Inda wannan maƙala take da ja shi ne ɗaukar da ake yi cewa faɗin zobe a kowane itacen Sahel ma'aunin daminar shekarar ne.

Hanyar nazarin ita ce gwada abin da aka wallafa kan ƙirar katakon gawo da lokutan fitar ganyensa.

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa. Yana kakkaɓe ganye idan damina ta kankama, abin da ya sa gero ke yabanya a ƙarƙashinsa, sai da kaka ya yi kore. Kambiyom kuwa da abincin ganye yake aiki. Binciken Roupsard da abokan aikinsa a Burkina Faso, wanda ya fito a 1999, ya tabbatar da cewa da rani kututturen ke ƙara kauri, kuma mafi yawan ruwan da itacen ke sha doguwar saiwarsa ce ke janyo shi daga can ƙasa. Ke nan zoben gawo shaidar rani ce da matsayin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Damina tana shiga lissafin, amma a kaikaice, gwargwadon abin da ya nutse cikin ƙasa. Duk wanda ya jera faɗin zoben gefe da ruwan Agusta kai tsaye ya sa ma'auni inda bai dace ba. Shi kansa zoben sai an goge yankan kututturen ya yi sumul, an duba da gilashin ƙara girma, kafin a rarrabe siririn layin iyakarsa da sauran fararen layukan da suka cika katakon.

Dole a yarda cewa makiyaya suna datse rassan gawo don dabbobi da rani, kuma hakan yana rikita lokacin ganye, yana iya rage zoben ko ya haifar da na ƙarya. Gawon fadama da na jigawa ma ba zurfin ruwa ɗaya suke tararwa ba, don haka a ware samfurinsu tun wurin yanka.