Shaidar Malami a Kan Shirin Gina Halin Matasa: Nazari a Kan P.A.T.H.S. na Hong Kong

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ake dogaro da ra'ayin malamai wajen auna shirye-shiryen gina halin matasa a sakandare. Matsayarta ita ce, malami shaida ne mai ƙarfi a kan yadda aka gudanar da shiri, amma maganarsa ba ta isa hujjar cewa ɗalibai sun sauya ba.

Waiwaye

A 2004 Catalano da abokan aikinsa suka tace shirye-shirye 77 a Amurka, suka sami 25 masu tasiri, suka kuma zayyana ginshiƙai 15 irin su juriya, yarda da kai da shaƙuwa da manya nagari. A kan waɗannan ginshiƙai Farfesa Daniel Shek da masana daga jami'o'i 5 suka gina shirin P.A.T.H.S. a Hong Kong a 2005, da tallafin farko na dalar Hong Kong miliyan 400 daga asusun agaji na Jockey Club. A lokacin, 'yan aji 1 zuwa 3 na sakandare kan sami darussa 40 na minti 30 a shekara, malamai da jami'an jin daɗin jama'a kuma su ke koyarwa. Saɓanin mai wannan bincike da ayarin Shek a wuri guda yake: yadda suke lissafa gamsuwar masu koyarwa cikin hujjojin nasara.

Hanyar Bincike

An karanta rahotannin da ayarin ya wallafa, aka raba tambayoyin fom ɗin da masu koyarwa suka cike gida biyu: abin da malami ya gani da idonsa, da abin da ya yi zato.

Sakamako

Fom ɗin yana neman malami ya auna abu uku: shirin, koyarwarsa shi kansa, da amfanin da ɗalibai suka samu. Mafi rinjaye sun yaba duka ukun. To amma wanda aka horar, ya shekara yana koyarwa, sannan aka ce ya ba kansa maki, shi ne alƙali shi ne mai ƙara. Kuma juriyar yaro ɗan shekara 13 ba a cikin minti 30 ake ganinta ba. Sai ya faɗi jarrabawa ko abokai sun miƙa masa sigari a bayan makaranta.

Inda bakin malami ke da nauyi shi ne batun lokaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: shi ya san darasin da aka taƙaita don manhaja ta matse, da wasan kwaikwayon da aka tsallake don aji ya kaure da surutu. Shirin ma ya bar wa makarantu zaɓi tsakanin awa 20 cikakku da awa 10 kacal, amma duka sunansu P.A.T.H.S. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Durlak da DuPre, bayan bitar bincike sama da 500 a 2008, sun nuna ingancin gudanarwa yana sauya sakamako ƙwarai. Abin takaici, a rahotannin ayarin ƙorafin malamai kan zo a 'yan layuka, alhali alƙaluman yabo sun cika jadawali.

Iyakoki

Gaskiya ne binciken nan bai ji daga bakin malami ko ɗaya kai tsaye ba, kuma ayarin Shek ya gudanar da gwaji na dabam wanda ya bi ɗalibai tsawon shekaru, ya kwatanta makarantun da suka shiga da waɗanda ba su shiga ba. Wancan gwajin ne ya cancanci yanke hukunci a kan sauyin ɗalibai. Fom ɗin malamai kuwa, a rage tambayoyin yabo, a tambaye su darussa nawa suka kammala da abin da ya hana sauran.