Sabon Suna, Tsohon Ɓarawo

Ku da ke zaune a Nakkasa, da yawanku layin Zain ne a wayoyinku. To wannan suna ya taɓa zama a Najeriya. Kamfani ɗaya ne ya fara da Econet a 2001, ya koma Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010.

Sauyin da ya fi gaggawa shi ne na 2017. Etisalat ta Najeriya ta kasa biyan bashin dala biliyan 1.2 da ta ci daga bankuna 13. Uwar kamfanin da ke Abu Dhabi ta janye, ta ba da mako uku a daina amfani da sunanta. Jaridu suka sa kamfanin a gaba, Babban Banki da hukumar NCC suka shiga tsakani, kafin Yuli ya ƙare an wayi gari da 9mobile.

Me ya sa nake tuna muku wannan? Domin a irin wannan lokaci mai waya ba ya bambance saƙon gaskiya da na ɗan damfara. Kowa da sabon tambari yake zuwa.

Twitter ta nuna haka ƙarara. A Yulin 2023 Elon Musk ya mai da ita X cikin 'yan kwanaki. A Afrilun 2024 manhajarta ta iPhone ta riƙa sauya "twitter.com" zuwa "x.com" a rubutun mutane da kanta. Sai adireshin fedetwitter.com ya riƙa bayyana a matsayin fedex.com, alhali in ka danna wani wuri daban zai kai ka. Bayan masana tsaro da 'yan jarida sun yi ca, aka gyara.

Mu ma'aikatan jinya, in kwalin magani ya canza kala, sai mun sake karanta sunansa kafin mu ba majinyaci. Ku ma ku yi haka. In saƙo ya zo cewa bankinku ko layinku ya canza suna, a sabunta rajista, kada ku danna. Lambar sirri da aka turo muku, ko BVN, ko lambar iƙama, ba a faɗa wa kowa ta waya. Ku je ofishinsu da ƙafarku. Ku kuma gaya wa su Hajiya a gida, don kuɗin da kuke turawa a asusunsu yake kwana.