Daga Asibitin Mulago zuwa Sirrin Rabuwar Ƙwayar Halitta

A bisa wani tudu a birnin Kampala na ƙasar Yuganda akwai asibitin Mulago, wanda Albert Cook ya assasa a 1913, kuma a ɗakin yaransa ne aka kama bakin zaren wani ilimi da ya ɗauki masana shekara 25 kafin su kai ga tushensa. A 1957 aka kira wani likitan fiɗa ɗan Ailan, Denis Burkitt, ya duba wani yaro wanda muƙamuƙansa suka kumbura sama da ƙasa, har haƙoransa suka yi girgiɗi, fuskarsa ta jirkice. Da ya sake ganin irin wannan a wani yaro daban, sai ya koma ga tsofaffin takardun marasa lafiya yana nazari, ya tattara labarin yara 38, ya wallafa a 1958.

Bai tsaya nan ba, domin ya fahimci cewa cutar da ke zaɓen ƙasa lalle tana da sababi a cikin ƙasar. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka shiga tsohuwar mota, suka yi tafiyar mil 10,000 a gabashi da kudancin Afirka, suna bin asibitoci suna nuna hotuna suna tambaya, har ta bayyana gare su cewa wannan cuta, wadda sankara ce, ta fi yawa inda ake zafi da ruwan sama mai yawa, ta yi ƙaranci a kan tsaunuka masu sanyi. Daga baya aka tabbatar cewa inda ta fi yawa shi ne inda ake fama da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ake samun ta a Nijeriya ma. A Ibadan ne, a 1963, aka raya ƙwayoyinta a ɗakin gwaji daga jikin wani yaro, kuma har yau zuriyar ƙwayoyin nan tana hannun masu bincike a duniya. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wani bairos a samfurin da aka aiko musu Landan daga Yuganda.

Amma illar ta ainihi tana can cikin ƙwayar halitta kanta. Cikin hikimar Mahalicci, kowace ƙwaya tana da ajalin girma da na rabuwa da na hutu, kuma daga cikin ƙwayoyin gado masu ba ta izinin rabuwa akwai wadda ake kira MYC, mazauninta kuromosom na 8, wadda a al'ada takan yi umarni na ɗan lokaci sa'an nan ta yi shiru. A 1972 aka lura kuromosom na 14 ya yi tsawon da bai kamata ba a wannan cuta. A 1976 aka gane ƙarin daga na 8 ya ɓalle. A 1982 kuwa ayarin Carlo Croce da na Philip Leder a Amurka suka kafa hujja cewa MYC ce ta yi ƙaura, ta sauka kusa da ƙwayar gadon da ke haɗa garkuwar jiki, wadda ba ta hutawa a ƙwayoyin jinin da cutar ke kamawa. Daga nan sai ƙwayar ta zama kamar dokin da aka zare wa linzami, kumburin yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wannan gaggawa kuwa ita ce rauninta, domin magungunan da ke kashe ƙwaya mai rabuwa suna narkar da kumburin da sauri, abin da Burkitt ya gani da idonsa, kuma saboda jinyar irin waɗannan yara aka kafa cibiyar da ta zama Cibiyar Sankara ta Yuganda a 1967. Haƙƙin yaran Afirka, waɗanda da jikinsu aka buɗe wannan babi na ilimi, shi ne a kai su asibiti tun kumburin yana ƙarami, su kuma tarar da maganin yana nan.