Alaƙar Cutar PCOS da Ciwon Jiki Mai Naci a Mata

Tsakure

Maƙalar ta nazarci dangantakar PCOS, cutar da ke rikita sinadaran ma'ajiyar ƙwan mace, da fibromiyaljiya, ciwon da ke game jiki ya ƙi tafiya. Ta nuna cewa mahaɗarsu ta fi ƙarfi ta wajen insulin, ƙiba da barci.

Gabatarwa

A 1935 likitoci biyu a Chicago, Irving Stein da Michael Leventhal, suka bayyana wasu mata bakwai masu ɗaukewar al'ada da kumburin ma'ajiyar ƙwai. Ma'aunin Rotterdam na 2003 ya ce a tabbatar da cutar idan an samu biyu cikin alamu uku: rikicewar al'ada, yawan sinadarin maza mai fito da gemu da ƙuraje, da ƙananan ƙulluttai a ma'ajiyar ƙwai da hoton sikanin ke nunawa a jere kamar ƙwayoyin carbi. Kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa na ɗauke da ita.

Ita kuwa fibromiyaljiya, ma'aunin ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka na 1990 ya nemi ciwon wata uku, da zafi a gurbi 11 cikin 18 idan likita ya danna da babban yatsa har farcensa ya yi fari. An daina dogaro da dannawar a 2010. Mata ta fi kamawa.

Inda Cututtukan Suka Haɗu

Abin ɗaure kai shi ne, sinadarin maza, wato testosteron, yakan rage jin zafi ne, kuma yawancin masu PCOS suna da shi da yawa. Ke nan sai a nemi dalilin alaƙar cututtukan biyu a wani wuri.

Na farko, jikin yawancinsu ba ya karɓar insulin yadda ya kamata, abin da kan bayyana a duhun fatar wuya da hammata. Rashin karɓar insulin ɗin kan iya jawo ƙiba, kitsen ciki kuma yana sakin sinadaran kumburi masu tsokanar jijiyoyi. Na biyu, sarƙewar numfashi cikin barci ta fi yawa a masu PCOS, kuma tun 1975 Harvey Moldofsky ya nuna a Toronto cewa katse wa lafiyayyen mutum barci mai nauyi yana haifar masa da ciwon tsoka. Na uku, damuwa da ƙuncin rai suna yawaita a cututtukan biyu. Idan waɗannan suka taru, laka da ƙwaƙwalwa sukan riƙa zuzuta saƙon zafi, har taɓawa kaɗan ta zama azaba alhali gwajin jini bai nuna komai ba.

Kammalawa

Ba a tabbatar da cewa ɗaya ce ke haifar da ɗayar ba. Tafarki suka haɗa. Kundin ƙa'idojin kula da PCOS na duniya na 2023 ya riga ya nemi a riƙa duba damuwa da matsalar barci. Ya kamata likitocin mata su ƙara da tambayar ciwon jiki, likitocin gaɓoɓi kuma su tambayi yadda al'adar mace take zuwa.